Bututun da Ya Bi Ƙarƙashin Ɗakin Mai Takaba

Cikin duk ayyukan da na yi, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda mata suka ja mana bututu a wata unguwa cikin garin Daura. Lokacin ni ne foman, wato shugaban leburori, a wani ƙaramin kamfanin aikin famfo. Sama da ni akwai Injiniya Sada.

Da tsakiyar damina wata makarantar Islamiyya ta kira mu. Bututun da ke kwashe ƙazantar banɗakunanta ya tsage a ƙarƙashin ƙasa. Tsohon bututu ne, an shimfiɗa shi tun wurin yana fili, daga baya maƙwabcinsu ya gina ɗakin ƙasa a kansa. Yanzu ruwa yana tsattsafowa, gindin bangon ya jiƙe, ga wari.

Ni mutumin diga da shebur ne. Ina gani na ce, "Yallaɓai, a kwashe kayan ɗakin nan mu haƙa."

Malam Lawal, ƙanen maigidan, dattijo mai dogara sanda, ya girgiza kai. Ashe yayansa bai daɗe da rasuwa ba, matarsa Hajiya Baraka tana takaba a wannan ɗakin. Ya ce, "Ta ce nan ya bar ta, nan za ta gama. Kuma baƙon namiji ba zai shiga ba sai ta fita takaba. 'Ya'yanta maza suna kudu da shanu."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Bangon ba zai kai ƙarshen damina ba, in kuwa muka haƙa shi ma faɗuwa zai yi.

Injiniya ya zura 'yar kyamara mai waya ta cemba, ramin nan mai murfi da ake duba bututu ta cikinsa. Muka ga tsagewar, amma bututun bai rufta ba. Ya ce za mu zura sabon bututun roba, wanda bai kai tsohon kauri ba, ya bi ta cikinsa daga wannan cemba zuwa ta gaba, ba tare da an taɓa ƙasa ba. Mu mu tura daga nan, wasu su ja da igiya daga can. Matsalar ita ce cemba ta gaban tana cikin gida, bayan ɗakin Hajiya.

Sai ga 'yarta Rabi, malamar firamare, ta leƙo zaure. Ta ce, "Baffa, in dai jan igiya ne, ai akwai mutane a ciki."

Na ce, "Malama, wannan fa ba guga ba ne."

Ta ce, "Malam foman, a garin rijiyar Kusugu za ka koya mana jan igiya?"

Leburorina suka kwashe da dariya, ni ma na dara.

Washegari da hantsi muka wanke tsohon bututun, muka tura sandar roba mai lanƙwasa da igiya a bakinta. Rabi ta sa safar hannu ta kamo ta. Muka ɗaura sabon bututun, Injiniya ya yi mata kiran bidiyo a waya yana ganin abin da suke yi. Matan da suka zo gaisuwa suka ɗaura ɗamara suka jeru. Ni ke ba da murya ta kan katanga: "Ku ja! Ku tsaya!"

Ana cikin tafiya sai bututun ya cije, daidai inda tsagewar take, wato ƙarƙashin ɗakin. In suka fizga, tsohon zai rufta, shi ke nan sai haƙa. Na yi ihu, "Kar wadda ta ja!"

Injiniya ya ce su saki kaɗan mu murɗa. Sai na ji wata murya ta tsufa daga ciki, a natse: "Ku sassauta, 'yan nan. Ba a yi wa abin da ya maƙale ƙarfi." Hajiya ce, tana zaune a bakin ƙofarta. Suka saki, muka ja baya, muka murɗa, muka sake turawa a hankali. Na ji ya wuce a tafin hannuna tun kafin guɗa ta tashi a cikin gida.

Rabi da wata gwaggonta suka liƙe bakin can da siminti, Injiniya na nuna musu ta waya. Muka liƙe namu, muka zuba ruwa, ya fita sarai.

Bayan damina Malam Lawal ya aiko a kira ni. Hajiya ta fita takaba, bango ya bushe. Ta tarbe ni da fura, ta nuna mini wani wuri kusa da taga inda shatin yatsu ya fito a jikin yaɓe. Ta ce, "Hannun Alhaji ne. Shi ya yaɓe ɗakin nan da kansa."

Abin da nake gaya wa yaranmu tun daga ranar shi ne, kafin ka ɗaga diga ka tambayi wa ke zaune a saman bututun, kuma me ya zaunar da shi. Rabi kuwa yanzu in muka haɗu a hanya sai ta ce, "Foman, yaushe za a ja na gaba?"