Kifi Mai Ƙwai Don Sulafa

Duk wanda ya bi ta lungun bayan babban titin Faisal a Alƙahira da hantsi, hancinsa ne zai kai shi wurin Awadiyya kafin idonsa. Tana nan gaban kaskonta tana suyar kifi, tana cacar baki da masu tuktuk, wato adaidaita-sahun can. A Bur Sudan aka haife ta, jikar Hausawan da suka taho hajji a ƙasa suka yada zango bakin Bahar Maliya, zangon ya zama gida. Ubanta masunci ne. Tun tana ƙarama take ganin yana latsa cikin kifi, in ya ji ƙwai ya mayar da shi ruwa, ya ce ba a cin iri.

Yaƙi ne ya koro ta Alƙahira, ita da 'yarta Sulafa da ƙaninta Munzir, wanda bai iya komai ba sai ruwa. Shi ya wuce garin Suwais na bakin teku, wani Bamisire mai suna Ayman ya ɗauke shi aiki a ɗan jirginsa na kamun kifi, ba takarda, amana kawai.

Da Sulafa ta samu cikin fari, kwaɗayinta ya tsaya kan abu guda: kifin teku sabon kamu, mai ƙwai. Matan unguwa kuwa suka sa baki. Wai in mai ciki ta so abu ba ta samu ba, jariri da tabonsa zai fito. Awadiyya ta yi musu dariya, amma da ta shiga ɗaki hankalinta ya ƙi kwanciya.

Lokacin an rufe kamun kifi, don a bar shi ya zuba ƙwai a gefen gaɓa. Babu wanda ya fi ta sanin dalili. Duk da haka ta ɗauki waya ta kira Munzir.

"Yaya, an rufe ruwa," in ji Munzir. "Masu gadi na yawo."

"Kai dai ka ce ba ka so. Ni na goya ka, yau kifi ɗaya ya gagare ka? Khalas, shi ke nan, bar shi."

Ta san sarai abin da wannan "bar shi" zai yi masa, shi ya sa ta faɗa. Ya lallaɓa ya fita da jirgin Ayman, kuma bai yi nisa ba aka tare shi. Aka ƙwace jirgin, gidan Ayman ya rasa na tuwo. Munzir kuwa aka tsare shi, har ana maganar mayar da shi ƙasar da suka gudo. Ita Sulafa tuni kwaɗayinta ya koma kan mangwaro da barkono.

Tun daga nan masu tuktuk suka huta da bakin Awadiyya. Kifi yakan ƙone a gabanta tana kallo. Ta hau mota har Suwais don ba matar Ayman haƙuri, ta isa ƙofar gidan kunya ta hana ta ƙwanƙwasawa, ta juyo.

Ran nan aka ba Munzir waya ya kira ta. Ta shirya jin duk baƙar maganar da zai faɗa, har so take ya faɗa.

"Yaya, ma'alish, ki yi haƙuri," ya ce. "Na samu mai ƙwan, manya biyu, amma sun karɓe. Ki ba Sulafa haƙuri. Kada dai wani abu ya sami yaron saboda ni."

Sulafa na gefe tana tsotsar ƙwallon mangwaro. Awadiyya ta buɗe baki za ta gaya masa gaskiya, ta kasa. Ta ce, "Zan gaya mata," aka karɓe wayar daga hannunsa.