Zuwa Durba da Motar da Ke Mutuwa a Hanya

Mun tashi da asuba daga Rano, ana sallame sallah muka kama hanya, mu uku: ni, da ƙanena wanda yake tuƙa mini mota, da wani dillalin shanu na unguwarmu. Durba muka nufa, ta Kibiya. Abin da ya fitar da mu ba na daɗi ba ne. Shanun huɗata guda biyu zan je in sayar, in biya kuɗin inji.

Bari in fara da motar, don a san tushen maganar. Tsohuwar bas ce 'yar Beljam, irin wadda injinta yake ƙarƙashin kujerar gaba. Da kuɗin sallamata daga aikin sito na saye ta, tana jigilar mutane tsakanin Rano da Kano, ita ce cin gidana. Tun bayan zaɓe ta ɗauki wani hali. Ana cikin tafiya lafiya lau sai ta fara shaƙuwa, ta yi jijjiga, ta mutu. A bar ta ta ɗan huta, a murza makulli, ta tashi kamar ba ita ba. Bakanike na farko ya ce fulogi ne, aka canja. Na biyu ya ce kafireta, aka wanke, aka sake wankewa. Na uku ya ce famfon mai, aka sayo sabo. Kowannensu in ya gama sai ta tashi a gabansa, ya karɓi kuɗinsa, mu kuma mu je ta ajiye mu a daji. Fasinja suka fara tsallake layinmu a tasha. Daga ƙarshe wani babban bakanike a Kano ya dafa kafaɗata ya ce injin ya gama aikinsa, a sauke shi a ɗora wani. Na ba shi kafin alƙalami. Sauran kuɗin kuwa ba inda zan same su sai a jikin shanun nan, waɗanda suke hannun wani Bafulatani aminina kusa da gonata a Durba. Ga shi damina ta ƙarato, kullum da la'asar sai hadari ya haɗu ya watse. Manomi ya san abin da ake nufi da rabuwa da shanun huɗa a irin wannan lokaci.

Ni ba na tafiya da rabin tanki. Ana gobe za mu tafi na sa ƙanena ya bi layi a gidan mai, da layi ya zo kanmu na je da kaina na buɗe tanki aka cika shi taf. Dole sai da ni, don tankin motata da kwaɗo yake. Lokacin kamfe 'yan siyasa sun ɗauki hayarta, ta dawo da fastoci a jiki, ba murfin tanki. Ga wahalar mai, ana zuƙe wa mutane fetur da tiyo har a ƙofar gida. Sai na sa mai walda ya yi mini murfi na ƙarfe mai zare, da robar tib a ciki, da wurin rataya kwaɗo. Makullin a aljihuna yake kwana. Ko ƙanena ba na ba shi.

Gari yana wayewa muka bar duwatsun Rano a bayanmu. Gonaki duk an share su, an ƙone kara, ga tsibin taki nan jere-jere ana jiran ruwa. Jakuna da mangala suna ta kai wani. Ina kallon wannan ina lissafin tawa gonar, zuciyata ba daɗi. Ban gama lissafin ba motar ta yi shaƙuwar farko. Ƙanena ya taka totur, ta yi kamar za ta amsa, ta fasa. Muka gangara gefe.

Wulaƙancin irin wannan mota shi ne, mai ita a kan injin yake zaune. Duk lokacin da ta mutu sai na sauka an ɗaga kujerata. Na sauka. Ƙanena ya zare tiyon mai ya hura, ya zuƙa, ya tofar da fetur, ya ƙwanƙwasa kafireta da gindin sukuddireba. Dillali yana ta kai-komo a bakin titi yana duban rana.

"Malam, mai sayen nan fa ba zai wuce azahar ba. Motarsu ta Kudu tana can tana lodi."

Na ce masa na ji. Bayan ɗan lokaci ta tashi, muka ci gaba.

Mutuwa ta biyu a gindin wata ɗorawa ta same mu, kusa da wasu 'yan bumburutu da suka jera galan-galan a kan benci. Suna ganinmu suka taso da mazurari, galan ɗaya kusan ninkin kuɗin gidan mai. Na ce musu ba mai muke nema ba, tankinmu a cike yake. Ba su yarda ba, sai da suka leƙa suka ga kwaɗo suka koma suna dariya. A nan ne wani dattijo a kan keke, da akuya ɗaure a kariyar keken, ya wuce mu ya yi sallama. Da motar ta tashi muka cim masa muka wuce, dillali har da ɗaga masa hannu. Ba mu yi nisa ba ta sake mutuwa. Sai ga dattijon nan yana tafe a hankali, akuyarsa tana kallonmu.

"Sannunku da hutawa," in ji shi. "In da saƙo Kibiya ku ba ni."

Ƙanena ya sunkuyar da kai cikin inji don kada in ga yana dariya.

Wannan mutuwa ta uku daf da shiga Kibiya ne, inda 'yan Hisba suke tsayawa suna duba motocin haya. Suka leƙo, ba mace ko ɗaya balle a yi maganar wurin zama. Sai suka naɗe hannun riga suka taya mu turi har bakin tasha. Allah ya saka musu da alheri, don dillali hannu ɗaya ya sa, ɗayan yana riƙe da babbar rigarsa.

Kibiya ta riga ta tashi. Masu ƙosai sun ɗora kasko, 'yan acaɓa sun yi layi, ana ta loda buhunan iri a a-kori-kura. Wani bakanike a bakin tasha ya zo ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce kwayil ne yake zafi. Ya jiƙa tsumma ya naɗe shi, ya ce a murza. Ta tashi mana, tunda ta huta. Ya miƙo hannu, naira ɗari biyu. Na biya. Wannan shi ne bakanike na huɗu da ya warkar da motata a gabana.

Na bar su na je teburin mai shayi na zauna. Ban karya ba tun fitowa, amma ba yunwa ce ta kai ni ba, so nake in rabu da muryar dillali. Na ce a haɗa mini da madarar gwangwani. Mai shayin ya ɗauko sabon gwangwani, ya soka masa wuƙa a gefe ɗaya, ya juya ya ƙara soka masa a ɗaya gefen. Raina a ɓace yake, komai ina ganin ɓarna ne. Na ce masa huda biyu na mene ne, ƙudaje yake wa ƙofa?

Ya ce, "Haba Baba, in ba ta sha iska ta baya ba ai ba ta zubowa. Ɗigo biyu za ta yi ta tsaya."

Ya toshe huda ɗaya da yatsa ya karkata gwangwanin. Madara ta ɗiga ta tsaya. Ya ɗaga yatsan, ta zubo.

Shayin nan ya huce a gabana ban sha ba. Na shiga jera abubuwa ɗaya bayan ɗaya, yadda na saba a sito. Na farko, yaushe ciwon ya fara? Bayan zaɓe. Me aka sa wa motar bayan zaɓe? Murfi. Na biyu, yaushe ta fi mutuwa? Ranar da aka cika tanki, kamar yau. In mai ya yi ƙasa takan kai Kano da mutuwa ɗaya, wani lokaci ma ba ko ɗaya. Na uku, duk sanda na buɗe kwaɗon nan a gidan mai, nakan ji murfin ya yi tauri, in ya saki sai ya ja iska, fuuu. Na ɗauka alamar aiki mai kyau ce. Kuma ba bakaniken da ya taɓa jin wannan ƙara, don ba wanda ya taɓa buɗe tankin sai ni.

Ban gaya wa kowa ba. Na shanye shayina da sanyinsa, na sayi ƙosai na hamsin don hanya, na ce mu tafi.

Daga Kibiya muka sauka kan hanyar burji, ramuka da yashi, motar tana rangaji kamar jirgin ruwa. A karo na farko a rayuwata ina zaune ina roƙon Allah motata ta mutu. Ta ɗan ja rai, sannan ta yi shaƙuwarta ta tsaya. Ƙanena ya kai hannu zai ɗaga kujera.

Na ce, "Kada ka taɓa komai. Zauna inda kake."

Na zaga baya, na buɗe kwaɗo, na murɗa murfin da ƙyar. Ya ja iska har dillali ya ji daga cikin mota. Na ce a murza makulli. Bugu biyu ta tashi, ba hutu, ba hura tiyo, ba jiƙaƙƙen tsumma.

"Yaya, me ka yi mata?"

Na ce ya ja mu je. Amma sai da na mayar da murfin na ɗaure shi tam kamar da. Dillali ya ce wannan wane irin abu ne, an samu magani kuma ana mayar da cuta, ga rana tana yi. Na ce masa ko a gaban alƙali shaida ɗaya ba ta isa, ni kuwa shanuna ne a kan layi. Muka tafi. Wannan karon ta daɗe, don mai ya ragu, har na fara shakkar kaina. Can wajen wata fadama ta mutu. Na sauka, na buɗe, ta ja iska, ta tashi. Na cire murfin gaba ɗaya na sa a aljihu, na toshe bakin tankin da tsumma sako-sako. Daga nan har Durba ko tari ba ta yi ba.

Can sai ƙanena ya ce, "Yaya, wato duk fetur ɗin da na sha a watannin nan..." Na dube shi. Bai ƙarasa ba.

Mun isa kafin azahar. Bafulatanin ya riga ya fito da shanun ya ɗaure su a inuwar marke, jan da farin, sun yi ɓul-ɓul don bai yi musu rowar harawa ba. Mai saye yana nan yana zagaya su, yana matsa musu tozo, yana buɗe baki yana duba haƙori. Aminina kuwa ya koma gefe ya jingina da sandarsa, ko kallon wurin ba ya yi. Shi ya horar da su tun suna 'yan maruƙa.

Bayan gaisuwa mai saye ya yi tayi, kuma tayi mai kyau. Dillali ya kama hannuna zai haɗa da nasa. Na zare hannuna na ce albarka, na fasa. Nan take dillali ya fashe. Ya ce na zubar masa da mutunci, ya tara mutane, ya tura mota tun daga Rano. Na tuna masa da hannu ɗaya ya tura. Na ba mai saye haƙuri yadda ya kamata, tunda ban furta sallamawa ba ya san ba shi da abin riƙewa, ya hau acaɓa ya tafi yana gunaguni. Dillali na ba shi kuɗin wahalarsa, ya karɓa yana kallon wani wuri.

Bafulatanin ya je ya kwance shanun. Sannan ya ce, "Malam, da ka sayar da su, da bana ba ni zan je gonarka ba, kunya ba za ta bar ni ba." Ya aika gida aka kawo mana fura da kindirmo a ƙwarya, mai sanyi, irin wadda ba a samu a tasha. Na sha na ƙoshi. Muka yi sallar azahar a nan, muka zaga gonar, muka tsayar da inda za a fara huɗa.

Da la'asar muka juyo. A hanya muka sake gamuwa da dattijon nan mai keke, ya sayar da akuyarsa yana komawa. Ƙanena ya danna masa ham har sau uku, muka wuce, bai ƙara ganinmu ba. Kafin magariba muna Rano, kai tsaye wurin mai walda na sa aka tsaya, ya huda murfin da ɗan siririn ƙarfe, hudar da ko tsinken tsintsiya da ƙyar zai shiga. Ya ce in bar kuɗin.

Hankalina bai gama kwanciya ba, don kafin alƙalamina yana hannun bakaniken Kano, kuma na san sai an kai ruwa rana kafin ya fito, in ma zai fito. Abin da aka kashe a fulogi da famfo kuwa ya tafi. Amma ga abin da na ɗauko daga wannan tafiya, ga duk mai tsohuwar mota. Kafin ka bar kowa ya kwance maka inji, zauna ka tambayi kanka ranar da ciwon ya fara, da abin da aka canja kafin ranar, komai ƙanƙantarsa. Kada ka biya bakanike don mota ta tashi a garejinsa, ka sa shi a gaba ku hau titi tukuna. Kuma duk inda ka kulle, in za a duba mota, ka buɗe a duba har da nan.

Ruwan shuka ya sauka a makon. Ranar da aka fara huɗa a Durba da motar na je, tanki a cike taf, ban sauka daga kujerata ba sai a bakin gona, inda jan da farin suke tsaye da karkiya a wuya suna jirana.