Shanyar Renske Ranar Lahadi

A ƙauyensu Renske, can arewacin Holan inda iska ba ta hutawa, mace ba ta shanya ranar Lahadi. Ba ta saƙa, ba ta shara, ba ta hawa keke. Ba a rubuta dokar a ko'ina ba, labulen tagogi ne ke tsaronta. Duk gidan da ka wuce akwai ido a bayan labule, kuma idon da ya fi kowanne kaifi shi ne na Lolke, dattijon coci, wanda tagarsa ke kallon igiyar shanyar Renske.

Cikin wannan tsoro Renske ta yi aure, ta haifi ɗanta Sibren, ta binne mijinta. Tana amarya ta ga Lolke, lokacin yana da ƙarfinsa, ya tsallaka titi da baƙar hularsa ya ƙwanƙwasa ƙofar wata mata da ta manta tawul a igiya tun ranar Asabar. Bai ko ɗaga murya ba, amma sai da matar ta daɗe ba ta iya haɗa ido da kowa a wurin sujada. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Daga nan Renske ba ta sake bari Asabar ta wuce ba ta shafa igiyarta da hannu ba.

Ba rana ɗaya abin ya watse ba. Kamfanin madara ya rufe, samari suka bi aiki birni. Wanda ya sayi mota ya gano ashe bakin teku ma yana nan ranar Lahadi. Bencinan coci suka yi ta zama wayam, har ya rage tsofaffi kawai suna jan waƙa da muryar da ba ta kai rufi. A ƙarshe aka sayar da cocin ga wasu mata da miji, suka mai da shi wurin shan gahawa da sayar da tsofaffin kujeru. Ƙararrawa ta yi shiru.

Tun daga nan Lahadi ta zame wa Renske ƙaya. Ta sa baƙar rigarta ta cire. Ta ɗauki saƙa ta ajiye kamar ta taɓa wuta. Ta leƙa taga, ga maƙwabci yana aske ciyawa da inji, ko a jikinsa. Ta kasa zaune ta kasa tsaye, sai ta kira Sibren a waya.

"Inna, ai ba gaba mutane ke yi da Allah ba," in ji shi. "Da can in kin kwanta ciwo, coci. In kina neman miji, coci. Aiki ma sai dattawa sun shaide ki. Yanzu gwamnati ke biyan asibiti, aure kuma a waya ake samunsa. Me za su je nema?"

"Kai dai boko ya cika maka ciki da surutu. Ni in yi yaya da Lahadina?"

"Ki huta mana."

"Wane hutu? Da ake hana ni aiki, shi ne hutu. Yanzu da ba mai hana ni, zaman banza ne!"

Abin da ke cin ta ba ta gaya masa ba. Duk Lahadin nan da ta tsare, duk ranakun da ta naɗe hannu tana kallon rana mai kyau tana wucewa a banza ga wanki jibge, akwai wanda har yanzu ya damu da su? In akwai, Lolke ne. Ya tsufa tukuf, amma yana nan a tagarsa. In har zai tsallako ya yi mata faɗa, to ba wauta ta yi ba duk rayuwarta, kuma ba ita kaɗai ta rage ba.

Saboda haka wata Lahadi, daidai lokacin da a da ake shiga sujada, ta kunna injin wanki. Ta fito da fararen zannuwan gado, mafi girma a gidan, ta shanya su a fili. Iska ta kama su tana kaɗawa, har daga ƙarshen titi ana gani.

Femke, matar mai aske ciyawa, ta wuce da karenta. "Kai, Iya Renske, kin dace da rana! Wannan iskar, yanzu-yanzu za su bushe."

"Kin kuwa san yau wace rana ce?"

"Lahadi mana. Ni ma ita kaɗai nake samun sararin wanki."

Renske ta shige gida cike da haushi. Ta dafa gahawa, ta yanka burodi mai zaƙi, ta jera kofi biyu. Ta shirya yadda za ta sunkuyar da kai in ya fara, har da kalmomin ban haƙuri. Ta zauna, ta miƙe, ta gyara kofin da ba abin da ya same shi. Can sai labulen Lolke ya motsa.

Ƙofarsa ta buɗe. Ya fito yana dogara sanda, yana jan ƙafa, titin da a da yake tsallakawa kamar walƙiya yau ya zame masa tafiya. Rabon Renske da irin wannan farin ciki har ta manta. Kafin ya ƙwanƙwasa ta buɗe.

Jaka ce a hannunsa.

"Renske, na ga kin kunna inji. Yarinyar da ke yi mini wanki ta yi tafiya, rigunana sun ƙare. Ko za ki haɗa da nawa?"

"Dattijo, yau fa Lahadi."

"Na sani. Ban rikice ba tukuna."

"To ba za ka ce komai ba? Ka yi mini faɗa mana! Ga su can a rataye, gari duk ya gani!"

Ya juya ya dubi zannuwan, ya daɗe yana dubansu.

"In yi faɗa da sunan wa, 'yar'uwa? Da in na tsallako titin nan, gari guda ne a bayana. Leƙa bayana ki gani."

Ta leƙa. Ba kowa, sai karen Femke yana shinshina shinge.

Lolke ya miƙa mata jakar. "Farar nan kada ki sa mata ruwan zafi, tsukewa take yi."

Ta karɓa, don ba a mai da tsoho da dattinsa. Ta kai jakar gaban inji, ta durƙusa tana ware farare daga masu launi. Nan kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka sayar da cocin.