Basir ɗin Surukina

Ko da za a wanke mini kai da ruwan Bahar Maliya, ba zan manta da wata Juma'a da muka yi a unguwarmu ta Kurayyat, a Jidda, ba. Mu shida ne a ɗakin, kuma har yau in na rufe ido ina ganin inda kowa ya zauna. Ni ina bakin ƙofa. 'Yata ta fari tana bayan labule. Mijinta, wanda ya tara mu, yana tsakiyar kafet. Akwai baffansa, dattijo mai carbi, wanda kunnensa na hagu ya yi ritaya tuntuni. Akwai yayarsa, wadda ba a gayyata ba amma ta riga kowa zuwa. Sai amininsa, wani ɗan Damagaram mai tuƙa tasi, wanda kawo baffan kawai ya yi, tsautsayi ya sa ya tsaya shan shayi. Suna kam ba za ku ji daga bakina ba. Ita 'yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, shi kuma suruki ne.

Surukin nan nawa haifaffen Jidda ne, jikan mahajjata, yana da takardun ɗan ƙasa, yana aiki a sito a tashar jiragen ruwa. Shekara da shekaru muna zaman kunya da shi. In ya hango ni a bakin lungu da tirena na gyaɗa da goro, sai ya tsuguna daga nesa ya gaishe ni, ni kuma in amsa ina kallon tire. Amma kallon tire bai taɓa hana ni gani ba. Ban yi karatu ba, gaskiya ne, sai dai Allah ya ba ni ido, kuma ban taɓa ba shi hutu ba.

A haihuwarta ta bakwai yarinyar nan ta leƙa lahira ta dawo. Jini ya ɓalle, da ƙyar aka tare shi. Likitocin asibitin gwamnati suka ce halas, wato an gama, mahaifar ta gaji, wani cikin zai iya tafiya da ita. Aka ɗora ta a kan ƙwayar hana ɗaukar ciki, ƙwayar kuma ba ta karɓe ta ba. Kullum jiri, kullum ciwon kai.

Ana nan, wata rana sai ga surukina ya shigo lungu yana tafiya kamar agwagwar da ta taka ƙaya, ƙafa ɗaya gabas, ɗaya yamma. Da ya zo gaisuwa ya kasa tsugunawa, ya ɗan rusuna kamar mai neman allurar da ta faɗi. Na aika a tambayi matarsa, aka ce basir ne. Tausayi ya kama ni, na kwance ƙullin sassaƙen da aka kawo mini daga gida, na jiƙa masa cike da jarka. Bawan Allah ya shanye tas, ya aiko da godiya, wai ya ji daɗinsa ƙwarai. Ku riƙe basir ɗin nan, za mu dawo kansa.

A makon ne kuma ya ce wa matarsa ta bar shan ƙwayar da ke wahalar da ita, Allah zai kiyaye. Ta nemi dalili, ya ce shi ne mai gida. To, mai gida ya yi magana. Ta bari.

Ba a jima ba na ga yarinya ta fara tofar da yawu, ta tsani ƙamshin soyayyen kifi. Na gane ciki ne, na kuma san abin da likitoci suka ce. Na zaci mijin zai ruga da ita asibiti. Ina! Sai ya daina cin abincinta, ya kwashe shimfiɗarsa ya koma falo, ya daina kallon inda take. Tana ramewa, yana kumbura. Daga ƙarshe ya aiko a ce mini yana son zama bayan la'asar, da baffansa.

Baffa ya buɗe da addu'a, ya ce a faɗi abin da ya tara mu. Surukina ya kafa wa kafet ido, ya ce, "Baffa, ba na son dogon kalam. Cikin nan mu haggi. Ba nawa ba ne."

Yayarsa ta tafa hannu kamar an yi mata albishir da kujerar Makka, ita da ke zaune a ƙofar Makkan. "Ai dama na faɗa! Shiru-shirun nan ba banza ba!"

'Yata tana bayan labule tana jin komai.

To, ni ba na magana da suruki kai tsaye, haka aka raine mu. Sai na juya wajen dattijon. "Alhaji, a tambayar mini shi, tafiya ya yi ne?"

Baffa ya karkato da kunnen dama. "Me ta ce?"

Mai tasi ya ɗaga murya. "Wai ko ya yi tafiya!"

"Ban yi ba," in ji surukina.

"A tambaye shi, an ɗaure shi a kurkuku ne ban ji labari ba?"

"La, ya Khala." Wato a'a; Khalar kuwa ni ce, haka yake kirana da Larabcinsa.

"Ko ya koma kwana a sito da buhunan shinkafa?"

"A gida nake kwana."

"To, Alhaji, a tambaye shi, mala'ika ne ya sauko masa da labarin, ko a bakin teku ya tsinta? Don in mutum zai yanka 'yar mutane, sai ya nuna mana wuƙar."

Na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani, amma gumi ya jiƙe masa wuyan riga. Can ya ce, "An yi mini amaliyya." Tiyata ke nan.

"Ta basir?" in ji Baffa.

"Babu wani basir, Baffa. Jijiyar da iri ke bi aka ɗaure. Ba zan sake haihuwa ba."

Na tuna da jarkata. Sassaƙen da ya ƙetaro teku!

Yayarsa ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni! An mayar da ɗan babana taure!"

"Ba dandaƙa ba ce!" Surukina ya zabura har yana kifar da kofin shayi. "Komai yana nan yadda yake, wallahil azim!"

Na ce, "Alhaji, a ce masa ya zauna. Ba mu nemi ganin shaida ba."

Baffa ya ja carbi ya ce halal ko haram wannan maganar malamai ce, balle da ran mutum a ciki, shi dai a gaya masa a ina aka yi. Nan ne fa labari ya fito, guntu-guntu, kamar ana cire ƙaya.

Ashe asibitin gwamnati ya fara zuwa, tunda ɗan ƙasa ne, kyauta za a yi masa. Yana gama bayani likitan ya ɗago kai ya ce, "Ina matarka?" Wai sai ta zo, sai an yi mata bayani ta sa hannu, sai an duba abin da ya same ta a haihuwa, sai likitoci sun zauna sun yarda akwai larura, sannan a yanka masa rana can gaba. Ga layi, ga jira, ga kuma wani ɗan maƙwabcinmu da ke tura marasa lafiya a keke a can, wanda bakinsa bai san rufuwa ba.

"Na ce in ta sani, Khala za ta sani," in ji shi. "In Khala ta sani kuwa..." Sai ya haɗiye sauran.

"Alhaji, a ce ya ƙarasa. In na sani, unguwannin Kurayyat da Mahjar sun sani, ko? Ni da ko sunansa ban taɓa kira ba."

Sai ya kwashi kuɗin da yake tarawa don sake mota, ya tafi wani asibitin kuɗi can arewacin gari, inda ƙasa ke sheƙi, ake tarbar mutum da gahawa da dabino. Can babu wanda ya tambaye shi ko yana da mata. Ya biya, aka yi, kafin magariba yana gida da basir ɗinsa.

"Shi ya sa na sani," ya ce. "Da kuɗina aka yi. Aiki mai kyau. To cikin daga ina?"

Na san abin da na haifa, amma sani ba hujja ba ne a gaban dangin miji. Sai mai tasi, wanda tun ɗazu yake neman ɓuya cikin kofinsa, ya yi gyaran murya.

"Amma aboki, ai dokotoro ya ba ka randebu, ranar da za ka koma."

"Uskut! Yi mini shiru."

Na ce, "Alhaji, a bar mai tasi ya ƙarasa shayinsa da maganarsa."

Bawan Allah ya share baki. "Hajiya, ni na kai shi, ni na maido shi. A gabana dokotoro ya ce an rufe hanya, amma akwai matafiyan da suka riga suka wuce ƙofa, ba rana ɗaya suke ƙarewa ba. Ya ce wata uku su ci gaba da kiyayewa kamar ba a yi komai ba, sannan ya dawo a gwada. Har ya ce in tuna masa. Na tuna masa, ya ce in kula da sitiyarina."

Baffa ya ji wannan sarai, da kunnen hagun ma. "Ka koma?"

"Ai na warke, Baffa. Kuma gwajin nan, wani ɗan kofi suke ba mutum su nuna masa ɗaki. Ni da gemuna? Ga shi kowace shiga sai an sake biya."

A nan ne na ajiye Alhaji gefe. Na juya na kalli surukina cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka kai masa ita.

"Kai," na ce. "Da kai nake, ba da baffanka ba. Ka ji kunyar kofi, ka ji kunyar layi, ka ji kunyar ɗan tura keke, ka ji kunyata ni mai gyaɗa. Amma ba ka ji kunyar tara mutane ka kira uwar 'ya'yanka mazinaciya ba. Kai ka raba ta da ƙwayarta. Kai ka ƙi komawa. Cikin da aka ce zai iya kashe ta tana ɗauke da shi ita kaɗai, kai kana falo kana jinyar gemu. 'Yata ce. Ta fari ce, ban taɓa faɗa a gaban mutane ba, yau na faɗa."

Labule ya motsa. Ta fito tana dafa bango, ta tsaya a kansa. Ba ta ɗaga murya ba. "Abban yara, da ka ce mini don ni za ka yi, da rarrafe zan je in sa hannun. Ni ka biya kuɗi don kada in sani?"

Sai ga ƙato ya kife fuska a tafin hannu yana kuka kamar an yaye shi. Cikin kukan yake cewa tun ranar da ya ga ana wucewa da ita a gadon asibiti kamar gawa bai sake barci mai daɗi ba, ya ce gara a yanka shi da a yanka ta. Wannan kam na yarda, ba zan ci haƙƙinsa ba. Niyyar ta zinariya ce, kan ne na kabewa.

Yayarsa ta gyara mayafi. "Ni dama na san matar ƙanina ba za ta aikata ba."

Na ce, "Haka ne, Hajiya. Tafinki ma na murna da tsarkinta ne."

Yadda abin ya ƙare ba dogo ba ne. Da aka duba, aka tarar cikin ya shiga ne a makonnin nan da aka ce ya kiyaye. Ta sha wuya, watannin ƙarshe a kwance ta yi su, aka ciro yaro ta hanyar aiki, Allah ya tsallakar da ita. Yaron ya zo da kunnuwan ubansa, fatan-fatan kamar faifai, har baffa ya ce ko makaho ya shafa ya gama shari'a.

Abin da na koya shi ne, kunya ado ce, amma ba a biyan kuɗinta da ran wani. Asibitin kuɗi ya sayar masa da sauri da rufin asiri, kuma ya ba shi abin da ya saya, har da gaskiyar da ya ƙi ɗauka. Na gwamnati ya ba shi haushi, amma shi ya yi masa tambayar da ta fi komai amfani, tambayar da ya kwashi kuɗin mota don ya guje mata. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Washegarin zaman nan kuwa ban fitar da tire ba. Ina idar da sallar asuba na zura abayata, na je na buga musu ƙofa, na sa aka kira mai tasi. Na sa surukina a gaba, ni da ita a baya, na ce a kai mu asibitin gwamnati, wancan dai da ya gudu daga gare shi. Muka bi layi har rana ta ɗaga. Ɗan maƙwabcin nan mai tura keke ya gan mu, ya zo ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, surukina yana amsawa yana kallon silifas. Da muka shiga, na sa ya yi bayani da bakinsa tun daga basir. Likitan ya saurare shi, ya ɗago kai ya ce, "Ina matarka?"

Na riƙo hannunta na turo ta gaba. Na ce, "Ga ta. Ga uwarta ma, kyauta."