Cinikin Shayin Juma'a

Shekarar da ruwan sama ya cika titunan Dubai, kantar kaya ta rufto wa 'yan dako biyu, ɗan Kano da ɗan Bangaladash, a wani sito a Al Warsan. Duka suka rasu.

Alhaji mai shayinmu a unguwar Al Ras ya ce cinikin Juma'a na iyalan mamatan ne. Na zauna ina kallon 'yan kasuwar da ke jayayya kan dirhami ɗaya suna tashi ba su karɓi canji ba. Ni dai yadda za a raba kuɗin nake son ji.

Na ce, "Alhaji, har da wanda ba namu ba?"

Ya ce, "Malam, kantar ta tambayi garinsu ne? Yalla, sha shayinka."

Biyu aka raba. Mata biyu sun rasa miji, yara biyar sun rasa uba.