Tsargiyar da Na Nema da Ƙafata

A daminar shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, wata ranar Alhamis da hantsi, mu yaran unguwa muka tsuguna a jere kan farin rairayin bakin tafkin ƙauyenmu, can ƙasar Gummi, kowa ya kwance tazugen wandonsa. Sale, ɗan maƙwabcinmu, wanda ya ɗan girme mu kuma shi ke gaba a kowace ɓarna, shi ne mai bi yana dubawa. Ƙarshen fitsari ake dubawa. Wanda ya ɗiga ja a kan rairayi ya zama namiji, wanda nasa ya fito fari kuwa da sauransa. Ran nan kusan kowa ya ɗiga ja, ban da ni. Sale ya sunkuya ya duba da kyau, ya ɗago ya ce, "Garba dai har yanzu ɗan Inna na. Ku ba shi zane shi ɗamra." Aka yi ta dariya har aka faɗa ruwa, ni kuwa na bi su a baya ina haɗiye kuka.

Manyanmu sun san sunan abin, tsargiya suke ce masa, amma ba sa lissafa shi cikin cututtuka. A ganinsu alama ce kamar buɗewar murya ko tsirowar gemu, tana zuwa ta wuce. Ba abin mamaki ba ne, don kusan duk namijin da ke garin ya yi ta. Mu mutanen fadama ne, cikin ruwa muke wuni. A ciki muke dashen shinkafa, mu cire mata ciyawa ruwa har gwiwa, mu tsaya korar tsuntsaye in ta yi kai. A ciki muke wanke awaki da jakai, mu kafa fatsa mu kama tarwaɗa, mu tono tushen bado mu ci ɗanye. In an tashi daga firamare, rigar makaranta a kan reshen giyayya take ƙarasa wuninta, mu kuwa muna gasar kurme, a ga wanda zai fi daɗewa a ƙasa.

Abin ya dame ni ƙwarai, har na shiga neman hanya. Na fara da zoɓo. Duk ranar da Inna ta dafa na sayarwa sai in faki idonta in ɗirka, ina zaton launinsa zai biyo ta ƙasa, amma ban samu komai ba sai ciwon ciki. Da na gaji na je na sami Sale a ɓoye. Ya ce ni ne ba na shiga ruwan da ya kamata, kullum ina gefen da ke gudu. "Can wurin bado, inda ruwa yak kwanta, nan maza ka wanka," in ji shi. Daga ranar na mai da wurin gidana. Ruwa ne mai ɗumi, kore, cike da ƙananan dodon koɗi da ke manne a ƙarƙashin ganye. In na fito jikina ya yi ta ƙaiƙayi, ni kuwa ina murna, ina cewa aiki ya fara. Ƙaryar da na yi wa Inna a wannan daminar, Allah kaɗai Ya san yawanta: yau yankan ciyawa, gobe malam ya aike ni.

Bayan kaka sai ga tsargiyar ta zo mini. Na kira Sale da gudu ya zo ya shaida, ya buga mini kafaɗa, ni ma na shiga sahun masu tsokanar ƙanana. Sauran yara suna ɗauke da tasu suna harkokinsu, amma tawa ta zo da nauyi. Kafin wata damina ta kewayo, fitsarin ya koma zafi kamar an zuba barkono, marata na ɗaurewa, in na yi kunya ɗaya a gona sai haki ya kama ni. Na riƙa wanke wandona da kaina don kada a gani. Inna ce ta lura tafin hannuna ya yi fari fat, ta ja fatar idona ta duba, ta je ta gaya wa Baba. Ya ce, "Wane ɗa namiji na bai yi ta ba? Ta bari." Aka jiƙa mini saiwoyi na sha. Sai ranar da na yanke jiki na faɗi cikin shinkafa, fuskata a ruwa, har wani mai wucewa ya tsamo ni, sannan Baba ya goya ni a bayan keke muka nufi babban asibiti a Gummi.

A ɗakin maza aka kwantar da ni, aka sa mini jinin da aka ɗiba a jikin Baba. Nan na fara ganin irin abubuwan da jikin mutum ke iya ɗauka. A hannun damana wani Bafulatani ne da kububuwa ta sara a wurin kiwo, ƙafarsa ta kumbura kamar turmi, dasashinsa na zubar jini, amma tambayarsa kullum ita ce wa ke kai shanunsa mashaya. A haguna yaro ne mai amosanin jini, in ciwon ƙashi ya taso masa sai ya ciji matashi don kada ya dami mutane. Akwai tsoho mai gwaiwa da ke jiran aiki yana ba kowa dariya, akwai masu zazzaɓi da gudawa waɗanda ke zuwa suna tafiya har ba a riƙe fuskokinsu. A can ƙuryar da aka rufe tagoginta akwai wani magini da ya taka ƙusa, jikinsa ya sandare, ko kwano ya faɗi sai ya banƙare. Wata safiya muka ga an naɗe katifarsa. Kowannensu ciwo ne ya same shi. Da tsohon nan ya tambaye ni yadda na gamu da nawa, na ba shi labari tun daga zoɓo, ya yi dariya har ya riƙe mara, ya ce, "Kai ɗana, kowa nan kawo shi anka yi, kai kaɗai ka zo da ƙahwarka."

Likita ya ɗora ni a sikeli, ya ba ni wasu manyan ƙwayoyi farare masu ɗaci, ya sa aka fara ba ni fura kafin in haɗiye. Ya bayyana wa Baba cewa ƙwayar cutar daga jikin dodon koɗi take fitowa, ta huda fata, ta yi gida a mafitsara. Ya ce maganin zai kashe ta, amma in na koma ruwan za ta dawo, kuma jikina ba zai sake ɗaukar irin wannan ba. Baba ya jujjuya hularsa a hannu, sannan ya ce, "To likita, shinkahwar hwa, wa za ya cire mata haki?" Ya mayar da hularsa a ka.

Ni ne babban ɗansa namiji, kuma gonar fadama ita ce abincinmu. Duk da haka bayan sallah ya ɗaure mini kayana a buhu ya kai ni Anka wurin ƙanen Inna, tela, ya ce masa a koya mini ɗinki, kuma ko rijiya kada a bar ni in leƙa. Baba shi kaɗai ya ci gaba da shiga ruwan har ƙarfinsa ya ƙare, daga baya gonar ta koma hannun 'yan'uwa.

Yanzu ina da shagona, ina da lafiya daidai gwargwado. Yaran yau ana raba musu ƙwayar maganin a makaranta, kuma na ji ɗana yana kiran abin cuta ba tare da jin kunya ba. Sale yana ƙauye, yana noman shinkafarsa, yana yawan zuwa asibiti saboda mara, kuma ba mu taɓa tayar da zancen ba. Ni kuwa tun ranar da aka tsamo ni ban ƙara nutsa kaina a ruwa ba. In mota ta hau gada da damina na hango yara tsirara suna tsalle suna faɗawa, nakan bi su da ido har mu wuce. Tsoro nake ji musu, amma da a ce za a tsaya, ban tabbata zan zauna a motar ba.