Kafaɗar da Muka Kai Gwada

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, ranar Asabar ɗin da ta wuce. Masu tambayata me ya sa na yi shiru kwana biyu, ga dalilin nan. Keke mai ƙafa uku ya ɗauko ni daga Limawa zuwa makaranta, na tarar direba yana ta faɗa da batirin bas, malamin wasanni kuma yana turi cikin farar shaddarsa. Mu huɗu ne: su biyu, ni, sai yarinyar da za mu kai gida, kyaftin ɗin ƙungiyarmu ta ƙwallon hannu. Hannunta na dama yana rataye a wuya cikin ƙyalle.

Ga waɗanda ba su san aikina ba, ni ce mai kula da lafiyar 'yan wasa a wata makarantar kwana ta 'yan mata a nan Minna. Ba ni nake koyar da wasa ba. Ni ce dai wadda kuke gani a bakin fili da jakar bandeji da kular ƙanƙara, mai tilasta wa yara motsa jiki kafin a fara, mai bin su da ruwa, mai cewa wance ba za ta shiga ba ko da koci zai daina gaishe ni. Saboda haka yaran suka laƙaba mini Anti A'a, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba.

A wasan ƙarshe na zango ne abin ya faru. Ta ɗaga hannu za ta jefa ƙwallo, wata ta riƙo hannun ta baya, kafaɗar ta goce. Wani ɗan kallo ya taho a guje wai zai ja ya mayar, na ce masa idan ya taɓa ta zai sha kular nan a ka. Na ɗaure hannun, na sa ƙanƙara, muka yi asibiti. Likita ya mayar da ƙashin, ya duba hoto, ya tuna mini cewa karo na biyu ke nan. Ya ce ta yi makonni ba ta ɗauki kaya ba, kuma kada ta ɗaga hannun sama. Idan ya sake gocewa sai tiyata, ta kuma yi sallama da fili. To, an yi hutu, an rufe ɗakunan kwana, dokar makaranta kuwa ita ce a danƙa yarinya ga iyayenta hannu da hannu. Niyyata in roƙi uwarta ta bar mini ita, in dawo da ita gidana har ta warke.

Daga Maitumbi hanya ta fara nuna halinta. Ruwan daren jiya ya cika ramuka, ba ka sanin zurfin rami sai ka faɗa. Direba ya yi ta cika baki cewa ya san kowane rami da sunansa, amma babu wanda bai shiga ya gaisar ba. Na zauna a damanta, na tallafe gwiwar hannun da matashi. Duk sanda motar ta girgiza sai in dubi fuskarta, ita kuma ta juya wajen taga don kada in gani. A wani shinge 'yan banga suka leƙo, suka ga ƙyallen, suka ce Allah ya sawwaƙe, suka janye itacen.

Gari ya waye sosai, gonaki shar, ganyen doya ya nannaɗe sanduna. A gefen titi matan Gbagyi ne a jere, kowacce da kayanta a kafaɗa, itace ko daron doya, hannu ɗaya a sama ya riƙe bakin daron. Tun ina yarinya nake ganin haka, ban taɓa dubawa da idon aikina ba sai ranar. Ɗaga hannun nan kuwa shi ne ainihin abin da likita ya hana.

A Gwada muka tsaya karyawa. Sabuwar doya ta shigo, da araha idan aka kwatanta da kasuwannin Minna, amma masu sayarwa na ta kukan tsadar mota. Malamin wasanni, wanda ya ce aiki kawai ya kawo shi, sai ga shi ya cika kujerar baya da doya. Garin ya yi cunkoso fiye da yadda na san shi, da yawa mutanen ƙauyuka ne da rashin tsaro ya koro. Na sayo soyayyar doya da ƙosai da yaji. Kyaftin ta ce ta ƙoshi, ashe kunyar ci da hagu take yi a gaban mutane. Na ja ta cikin mota na ba ta a baki, tana ci tana dariya, hawaye na zuba.

Bayan Gwada muka sauka daga kwalta, muka bi hanyar jar ƙasa har bakin wani rafi. Nan mota take tsayawa, tamu da ta 'yan sarin doya duka. Muka cire takalma muka haye, muka taka zuwa ƙauyen. Duk doyar da aka haƙa a tsallaken nan, da ƙafa ake kawo ta bakin rafi.

Uwarta ta dawo daga gona ke nan, 'yar siririyar mace, ita ma 'yar Gbagyi, da daro a kafaɗa. Mijinta ya rasu, ƙannen Kyaftin kuma ba wanda ya isa ɗaukar abin kirki. Ba ta yi faɗa ba, ba ta tambayi wa ya ji wa 'yarta ciwo ba. Ta shafa ƙyallen kawai, ta shimfiɗa mana tabarma, aka kawo dafaffiyar doya da manja. Na yi mata bayanin likita a hankali, har da kwatance da hannuna. Sai karambani ya ja ni na ƙara da cewa idan ya zama dole, bayan an kwana biyu, ta ɗan ɗora abu mara nauyi a ka da gammo. Malamin wasanni ya taka mini ƙafa.

"Malama," in ji uwar, da irin Hausarta, "kai shi ne sarki na jiki. Shi yana ɗauka tunani. Mu ba ya ɗora masa kaya."

Na ba ta haƙuri, kunya ta rufe ni. Na zo da shirin doguwar magiya a kan ta bar mini yarinyar, amma ko gama magana ban yi ba ta ce in tafi da ita, Allah ya saka. Har na fara murna. Sai ta miƙa hannu za ta ɗauko moɗa a bakin randa, na ga hannun ya tsaya a hanya, ta cije leɓe. Na ce, "Mama, bari in duba." Kafaɗar ta yi kanta kamar tafin ƙafa, ga kumburi, ga zafi rau. Na shafa mata man zafi, na ce ita ma tana bukatar hutu, ta kuma je asibiti. Ta yi dariya, har maƙwabciyarta ta taya ta.

Kyaftin tana tsaye tana kallonmu. Da na ce ta ɗauko jakarta, ba ta motsa ba.

"Anti, in na bi ki, wa zai kwashe doyar?"

Na yi lallashi, na yi faɗa. Na tuna mata tiyata, na tuna mata cewa hannun nan ne ya sama mata gurbi a makaranta. Uwar ma ta sa baki da yarensu, ta juyo ta ce mini, "Ba zai ɗauka ba, ni zan ɗauka." Yarinyar da ba ta taɓa musa mini ba a fili, ranar ta sunkuyar da kai ta ce ba za ta ba. Da na ga ba sarki sai Allah, na nuna mata 'yan motsin da za ta riƙa yi da yatsu da gwiwar hannu, na bar mata bandeji da lambar wayata, na sa ta yi mini alkawari a gaban uwarta.

Mun haye rafi, direba yana fama da juya mota a cikin taɓo, ya ɗauki lokaci. Ina tsaye sai na hango mata sun gangaro a jere za su kai doya wajen motar 'yan sari. Uwar ce ta ƙarshe. Ta sauke daronta a kan dutse, ta dafe kafaɗa. Sai ga Kyaftin daga bayanta, ƙyallen yana lilo a wuyanta ba hannu a ciki. Ta durƙusa, ta saɓa daron a kafaɗar hagu, ta ɗaga hannun daman ya riƙe bakinsa. Na ƙwala mata kira. Ta ji ni sarai, amma ba ta tsaya ba sai da ta ratso ruwan ta sauke a gindin motar.

Na kama hannun. Na duba, ƙashin yana wurinsa. Na mayar da hannun cikin ƙyalle, na ɗaure.

"Ki yi haƙuri, Anti," ta ce. "Sawu kaɗan ya rage na yau."

Na yau. Na san kafin mu hau kwalta ƙyallen zai sake zama fanko.

A dawowarmu, ko direba bai ƙara zancen ramuka ba. Muka shigo Minna ana kiran la'asar, na hau Keke zuwa Limawa, na shige ɗaki na yi kukana.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne iyakar aikina. A fili idan na ce a'a, wata ce za ta tashi daga benci ta shiga, shi ke nan. A gidajen da yaran nan suke komawa babu benci. Hutun da nake yanka wa yarinya cikin sauƙi, wani ne zai ɗauki nauyinsa, kuma shekara da shekaru ban taɓa tambayar ko wane ne ba. Ku sa ta a addu'a, ita da uwarta. Tun ranar, duk baƙuwar lambar da ta kira ni sai na yi ta kallon wayar kafin in iya ɗagawa.